Dokar Kulle Tsofaffi

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da aikin kemis ɗin da ya hana ki sakat. Ni ma ƙalau nake, sai godiyar Allah.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Mai gasa mini hannu ce ta ce tunda ciwon shanyewar jikin ya taɓa ɓarin dama, in riƙa riƙe biro kullum, in rage tura miki saƙon murya. To ga shi nan kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma dai yana karantuwa.

Ita ce kuma ta saka mini wani wasa a kwamfutar hannun da kika bar mini, wai don yatsuna su saki. Wani gari ne annoba ta shiga, ni ce mai garin. Dokokinsa duk a kulle suke. In kin ciyar da mutane, kin binne mamatansu cikin mutunci, sai yardarsu gare ki ta ƙaru, da ita ake buɗe doka. Gurbin dokar kuma uku ne kacal, in kina son ta huɗu sai kin cire wata. Mai gasa mini hannun ta ce garinta bai taɓa kaiwa girbi ba. Na ce mata wadda ta riƙe kicin ɗin makarantar kwana har ta yi ritaya ai ba a koya mata rabon hatsi. Na buɗe dokar tafasa ruwa, na buɗe ta awon hatsi, garina yana nan daram.

Sai maganar da kika yi, cewa ƙarshen wata za ki zo da mota ki kwashe ni da komatsaina in koma gidanki. Ban yarda ba, Auta. Na kuma ji kin roƙi maƙwabciyata ta ƙasa, matar mai gyaran firji, ta hana ni sauka daga bene. Baiwar Allah ko ƙarya ba ta iya ba, ina tambayarta ta zazzage mini komai.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Mama

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya tarin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso, har da muryar nan taki ta malaman asibiti. Na ji, matakala tana da haɗari, ƙafata ta dama tana ja. Ban musa ba. Tun ranar ban sauka ba, maƙwabciya ce ke yo mini cefane.

Bari in ba ki labarin garina. Annoba ta kutsa unguwar bakin rafi, tsofaffi ta fi ɗauka. Sai ga wata doka ta bayyana a allo, wai kulle tsofaffi: a rufe su a gida, a riƙa ajiye musu abinci a bakin ƙofa. Tsada gare ta, sai da na juye kusan duk yardar da na tara. Na ce bari in gwada dabarar Auta in gani.

Ba zan ɓoye miki ba, ta yi aiki. Mutuwa ta ragu, wasan har tauraro ya ba ni. Kin ga ba na tauye miki gaskiyarki.

Amma akwai wani ɗan tsoho mai sanda da nake gani kowace safiya a bakin rijiya, duk wanda ya zo ɗiban ruwa sai ya tare shi da surutu. Na sa masa suna Sarkin Gulma. Yanzu in na matso da hoton sai in hango shi tsaye a taga, ba ya motsi. Jiya ina kallonsa sai na ɗaga kai, na ga ni ma a bakin tagar nake, mai kayan miya yana tura baro yana wucewa, maƙwabciya tana zaɓo mini ruɓaɓɓen tumatir ina gani ba halin magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kife kwamfutar a kan gado.

Hannu dai yana ƙara kyau, dubi yadda layin nan ya miƙe.

Taki,
Mama

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan, da fatan wannan takarda ta same ki cikin natsuwa, don ina so ki karanta ta a zaune.

Na cire dokar. Cirewar ma sai da ta ci mini yarda, tauraron kuma suka karɓe abinsu. A gurbinta na sa wata mai araha da na daɗe ina rainawa: kowace safiya wani ya bi gida-gida ya ƙwanƙwasa, in ba a amsa ba a shiga. Tsofaffina suka fito, bakin rijiya ya sake cika.

Wasu sun mutu, Auta, har da Sarkin Gulma. Na yi kuka a kan ɗan hoton da bai kai kan yatsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wasan ya tambaye ni ko zan koma baya in sake daga inda na ajiye, lokacin yana raye a bayan taga. Na daɗe ina kallon tambayar, sannan na danna a'a. Garin ya kai girbi. Mai gasa mini hannu har hoton allon ta ɗauka don ta nuna wa abokan aikinta.

Na san abin da kike tsoro. Ke kika tsince ni a ƙasan kicin ranar da ciwon ya kayar da ni, kuma na san har yau abin bai bar idonki ba. Ba rainin ƙoƙarinki nake yi ba. Amma ga tsarina: maƙwabciya tana da makullina, za ta ƙwanƙwasa kowace safiya. Mijinta ya ƙara ƙarfe a jikin matakala. Ba zan sauka ba sai da mutum a gabana. Gidan nan kuwa ba zan bar shi ba.

Takardar nan a tasha nake ƙarasa ta, da ƙafata na zo in ba direba, maƙwabciya a gabana. Na huta a hanya, na yi haki, na kuma yi faɗa da mai kayan miya har ya canza mini tumatir. Rabon da in ji daɗi haka tun kafin in kwanta.

Ki zo ƙarshen watan, ina ɗokin ganinki. Ki zo da yara, ki bar kwalaye a gida. In kuma Allah ya ƙaddara wata rana na faɗi, ban yarda ki ɗora wa kanki ba. Ni na cire dokar da hannuna, ina sane da abin da take karewa.

Allah ya yi miki albarka, ya sanyaya miki zuciya.

Mai ƙaunarki har kullum,
Mama