Gonar Baba da Ka Share

Assalamu alaikum, ƙanena Maliki.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka Legas lafiya, ka iske Saude da yara ƙalau. Allah ya ƙara muku lafiya, ya buɗa kasuwa. Mu nan Isa sai godiya, ƙafar Inno ma ta yi sauƙi. Ruwa dai har yau shiru. Hadari yakan taso, ya dube mu, ya wuce abinsa.

Dole in yaba maka. Tun da nake tura wa mutane waƙa da fim a memori cikin kasuwa, ban taɓa ganin aiki mai tsabta ba irin wanda ka yi wa 'yar na'urar gem ɗin nan da ka bar mana bara. Hutun Sallarka duka a kanta ya ƙare: ƙwallo folda guda, dambe folda guda, tseren mota tasa daban, kowanne da hotonsa, sai ka ce kantin magani. Waɗanda ka kira tarkace kuwa ka share su, wai memori ya sha iska. Lallai boko ya yi rana. Sai dai cikin tarkacen nan har da gonar Baba.

Ka san tun da fari ya cinye mana damina, 'yan bindiga kuma suka tare hanyar Gatawa muka baro gonarmu can muka dawo nan, Baba ya zauna a zaure, magana ma sai dole. Wata rana ya ga ina taɓa wani gem na noma, ya ce in miƙo ya ga ƙaryar Nasara. Bai maido ba. Ya yi ta mita wai babu gero sai kabewa da karas, kuma manomin da ke ciki bai taɓa tsayawa salla ba. Duk da haka ya share fili, ya ja shinge, ya samu saniya ya raɗa mata sunan wadda muka sayar. In ruwa ya sauko a ciki, sai ya ƙure muryar na'urar ya kira Inno ta zo ta saurara. Ni kuma in kai caji shago ina dariya, don na san muddin yana can, ba ya tuna hanyar Gatawa.

Ina zaune kusa da kai lokacin da yatsanka ya hau kan gonar tasa. Baba ya riga ya gargaɗe ni kada ɗansa na birni ya ji dattijo yana wasan yara, na kuma ɗauka folda za ka nema mata. Bakin nan nawa da ke sayar da tsohuwar waya da sunan sabuwa ya kasa cewa bari. Abin yana ci na har yanzu.

Bayan tafiyarka ya buɗe folda ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye ni ina saniyarsa. Na tafi har Sabon Birni wajen Illo mai gyaran waya, na samo gem ɗin na sake zuba masa. Fili ya fito duk ciyawa da duwatsu. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini, ya ce ya gaji da fara gona daga farko, in dai farawa ce gara ya fara tasa. Jiya ya fiddo kalmensa na noma ya wasa, ya ware iri, ya ce ranar kasuwa za shi Gatawa ya yi shukar binne, ko ruwa ya zo ko bai zo ba. Inno ta ɓoye masa takalma, amma ka san Baba da tafiya ba takalmi.

Ba laifi nake ɗora maka ba, Maliki. Ka kira shi kafin ranar, kai ne auta, taka yake ji. In ya kafe, za ni bi shi, sauran sai Allah.

Inno na gaishe ka, haka Khadijatu da mijinta. Ka gaida Saude, ka shafa mini kan Atiku.

Naka, yayanka Halliru.

Af, na'urar tana nan tsaf kamar yadda ka jera ta, caji cike. Wanne zan buɗe wa Baba ya zauna gida, dambe ko tseren mota?