Haƙorin da Ya Fito a Kwance

Assalamu alaikum Yaya Mu'awiya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal, Ya tsare ku, Ya buɗa kasuwa. Mu nan Kebbe muna nan yadda Allah Ya bar mu. An gama yankan gero, Inna tana fama da ƙafarta amma tana fita tsakar gida. Ta'aziyyar da ka yi mini ta waya na ji, Allah Ya ba da lada. Ban iya ce maka komai ba a lokacin, mutane sun cika ɗaki.

Yaya, ban san abin da ya kashe ɗana ba sai ranar sadakar bakwai. Ummu 'yar ƙanwar Inna, wadda ke aikin jinya a Tambuwal, ta zo gaisuwa. Muna zaune ta lura 'yata Hamdiyya tana tauna tuwo da gefe ɗaya, tana tallabe kunci. Ta sa ta buɗe baki, ta haska da fitilar waya, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce haƙorin can na ƙurya ne, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, ya rasa wuri sai ya taho a kwance yana tokarin na kusa da shi, nama ya rufe rabinsa, abinci na shiga yana ruɓewa. Ta ce irinsa ne ya kama marigayi, kuma ta yi mamaki da ba mu kai shi Sakkwato ba, tunda ma'aikacin asibitin nan Kebbe ya faɗa wa waɗanda suka raka shi cewa ƙwaya ba za ta isa ba, sai an ɗauki hoto an cire haƙorin. Na ce wa aka faɗa wa? Ta ce baffansa Ɗanmaliki, a gaban ubansa. Wallahi Yaya, sai na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Sun dawo gida ran nan suka ce mini hangum ne, zai saɓe.

Ka san ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zuba masa abinci a gaban mutane ba, haka aka koya mana. Yau zan rubuta shi: Bilyaminu. Da kuncinsa ya kumbura har bakinsa ya ƙi buɗuwa, sai kunu ake ɗura masa ta gefen leɓe, na cire kunya na je gaban Ɗanmaliki na durƙusa na ce a kai shi babban asibiti. Ya dube ni ya ce yau kuma uwa ce ke rawar jiki a kan ɗan fari, ashe kunya ta ƙare a gidan ƙanensa. Ya ce duk wanda aka cire wa haƙorin ƙurya idonsa ke mutuwa, ga gero a gona yana jiran hannu, a bari wanzami ya duba. Matan gida suka yi ta zunɗena. Rufa'i, mijina, uban da ya haife shi, ya sunkuyar da kai, don ba ya ƙetare maganar wansa.

Wanzami ya zo ya kafa ƙaho, da bai yi ba ya yi masa sakiya a ƙasan muƙamuƙi. Ina bayan danga ina jin nishinsa, an hana ni shiga. Daga nan kumburin ya gangara wuya, harshensa ya taso, yawu ya gagara haɗiyewa. Ran da numfashi ya fara sarƙewa suka tuna akwai mota a duniya. Ka san hanyarmu. Ba su kai Tambuwal ba ya cika. Saurayin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai, haƙori guda ya kai shi kushewa.

Kowa sai ya ce mini ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, ba wanda zai wuce kwanansa. Amma ɓoye mini maganar ma'aikacin nan ba ƙaddara ba ce, mutane ne suka zauna suka yi. Kai ma Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da na kira ka yana kwance, cewa ka yi ciwon haƙori ne kawai, kada in ɗaga hankalin gidan miji. Ban riƙe ka ba, kana nesa, ba ka ga wuyansa ba. Amma yanzu ka sani.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kuncin Hamdiyya ya fara tasowa, jiya da zazzaɓi ta kwana. Ummu ta ce in aka kai ta da wuri aiki ne na yini ɗaya, za a kashe wurin da allura a fitar da shi, kuma babu ruwansa da ido. Ɗanmaliki ya ce ba za a je ba, ya riga ya aika wa wanzamin nan ya zo ranar kasuwa. Kai ne kawunta, maganarka tana da nauyi a zauren da tawa ba ta shiga. Ka taho, in ba hali ka kira Rufa'i da wansa ka faɗa musu da kakkausar murya. Hamdiyya ba 'yar fari ba ce, ba wanda zai rufe mini baki da kunya a kanta. In ranar kasuwa ta zo ba ka yi komai ba, zan ɗora ta a babur mu kama hanya, in ya so igiyar auren ta tsinke.

Ka gaishe da matarka Rauda, da Shafi'u da Ihsan ƙarama. Inna tana gaishe ka, tana tambayar yaushe za ta gan ka. Ni ce ƙanwarka Tambaya. Ka sa Bilyaminu a addu'a. Hamdiyya tana nan kwance kusa da ni, haƙorin yana bakinta, har yanzu ba a cire shi ba.