Hukuncin Mai Gyara a Kan Rediyon Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina fara maka da sallama da gaisuwar ɗan'uwa ga ɗan'uwansa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya kai da iyalinka. Ka lura cewa wannan rubutun hannuna ne. Na kammala ajin manya, kuma malaminmu ya shaida cewa ba a cika samun mai tsara zance kamata ba. Mutanen gida lafiya, sai dai ƙafar Baba da har yanzu ba ta barinsa fita.

Ka ce in bincika ko tsohuwar rediyon Baba za ta gyaru, in ba haka ba ka aiko da sabuwa. Ka san ba ta labarai ba ce, irin wadda ke kamo hirar mutanen da ke magana da juna ta iska daga ɗakunansu ce. Baba bai taɓa ce musu uffan ba, amma ya laƙaba musu sunaye, su Mai Tari da Sarkin Dariya, ya kuma karce gilashin fuskar rediyon da ƙusa daidai inda kowannensu yake fitowa. Yanzu in allurar neman tasha ta hau karcen, shuuu kawai ake ji, shi kuwa ya dage cewa rediyon ce ta lalace.

Na yi ta jigila da ita shago-shago har kafaɗata ta sage, domin nauyinta ya kusa na keken ɗinki. Masu gyaran waya dariya suka yi, wani ma ya tambaye ni ko injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Na yi haƙuri, tun da mai nema ba ya fushi. A ƙarshe na samu wani dattijon mai gyara a bayan kasuwa. Ya buɗe ta, ya busa ƙurar, ya kunna ta, ya jira 'yan kwalaben wutar da ke cikinta suka yi ja, ya ɗaura eriya a rufin shago. Nan take muryoyi suka cika wurin, amma a wasu gurabe dabam. A kan karcen Baba kuwa shiru. Ya ce rediyon ta fi ni da shi lafiya, mutanen ne babu, kila sun tsufa, kila sun riga mu gidan gaskiya.

Auta, na gaji. Na bar ta a shagon, kullum Baba yana tambaya, ni kuma ina cewa ana kan dubawa. Duk iya tsara zancena, na kasa tsara wannan. Saboda haka kada ka aiko da sabuwa, domin ita ma ba za ta kamo su ba. Ka zo da kanka mu faɗa masa tare, ya samu muryar da zai saurara a ranar.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna da Gwaggo suna gaishe ka.

Ni ne yayanka,
Babban Yaya