Kirarin Mai Lamba Hamsin da Huɗu

Greensboro, 3 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar taka? Yaya Inna da mutanen Tawa?

Baba, na samu aikin kula da wani tsoho ɗan Kanada, Mista Orville, mai shekara casa'in da huɗu, a unguwar Glenwood. Ya faɗi a banɗaki ya karye, tun daga nan ya ƙi tashi. Likita ya ce ƙashin ya warke, tsoro ne kawai. 'Yarsa ta ce in bai taka ba kafin ƙarshen wata, sai gidan tsofaffi. Shi kuwa ya fi tsoron gidan nan a kan mutuwa.

Ina shara na ci karo da akwatin tsofaffin jaridu. Ashe ɗan wasa ne, na ƙwallonsu mai siffar gwanda. Daga 1952, shekara tara yana yi, lamba hamsin da huɗu. Bai taɓa cin ƙwallo ba. Aikinsa ya sa ƙirji ya ture ƙatti, wani ya wuce ya ci, a tafa wa wancan. Da rana yana gyaran jirgin ƙasa, da yamma yana fili cikin ƙanƙara. Sau huɗu aka fasa masa hanci, wasa ɗaya tak ya rasa, ranar haihuwar wannan 'yar. Wallahi Baba, kokowa ce irin taka, hula kawai suka ƙara.

Shi duk ya manta. Abin ya tsaya mini a rai.

Ɗanka,
Kader

Greensboro, 27 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Na tuna ba ka taɓa shiga fili ba sai an wasa ka. Sai na zauna da jaridun na haɗa masa kirari da Hausa: bangon arewa, mai hanci huɗu, ka buɗe ƙofa wani ya shiga. Kullum da safe in tsaya a kansa, in buga tiren abinci, in ɗaga murya. Kwana tara yana kallona kamar mahaukaci. Ko kalma ɗaya ba ya ji.

Shekaranjiya na ƙara da lambarsa da Turanci. Sai ya sauke kafaɗa, ya kafa ƙafa, ya sa mini ƙirji. Tsohon nan ya tura ni har bakin ƙofa, taku goma sha ɗaya. 'Yarsa na tsaye tana kuka. Zai zauna a gidansa.

Baba, ina yaro kunya nake ji in makaɗa suka kira sunanka, har toshe kunne nake yi. Yau ko baiti ɗaya na kirarinka ban riƙe ba. Inna ta ce wata biyu ba ka fita ƙofar gida ba. Ka sa ƙanena Zakaria ya ɗauki muryarka a waya, ka faɗa mini shi duka. Ranar Juma'a zan kira in wasa ka, ka ajiye sanda kusa.

Ɗanka,
Kader