Lilon da Nusaiba Ba Ta Hau Ba

Zuwa ga Manajan wurin wasan yaran nan na Abuja mai babban lilo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Suleja. 'Yata Nusaiba tana da ciwon sikila. Duk sanda za mu asibiti ta kan hango lilonku ta tagar mota, ta bi shi da ido har ya ɓace. Na yi mata alkawarin zan kawo ta da ƙaramar sallah.

Na san ba ta iya doguwar tsayuwa. Shi ya sa da na ji kuna da tsarin kama wuri ta waya tun kafin ranar, a biya ƙari kan kuɗin shiga a tsallake layi, ban yi ciniki da kaina ba, na biya. Kuka turo mana lokacin hawa.

Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, mun fito da wuri, amma cunkoson motoci ya riƙe mu a Madalla. Duk mai bin hanyar nan ya san ba a hannunmu yake ba. Muka iso lokacin ya ɗan gota. Mai tsaron ƙofa ya duba wayata, ya ce na'ura ta rufe, sai dai mu bi layin kowa da kowa. Babu inda aka gaya mini haka lokacin karɓar kuɗin.

Na biyu, na nuna masa katin asibitinta. Bai yi mini rashin kunya ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce ba shi da iko, mai ikon kuma ba ya nan. Ina kallo kujerun layin masu biya suna tashi babu kowa a kai.

Na uku, layin ba rumfa, ba benci. Nusaiba ta dage sai mun tsaya. Tana cikin sabuwar rigarta, tana cije leɓe don kada in gane ƙafafunta sun fara ciwo. Da ta kasa, na goya ta. Yarinya 'yar shekara tara, a bayana, tana ɓoye fuska don kunyar sa'o'inta. A can ta raɗa mini cewa mu tafi gida, wata sallar ma dawo.

Ba ta ga babbar sallah ba. Allah ya karɓi abarsa.

Ban ce ku kuka kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Kuma kada a maido mini da kuɗin, ba zan iya taɓa su ba. Roƙona shi ne, ku faɗi dokar makara a fili, har da Hausa, kafin mutum ya biya. Ku ba na bakin ƙofa ikon sassauta wa yaro mara lafiya. Ku kafa rumfa da wurin zama.

Ƙanenta ya fara tambayata yaushe zan kai shi. Har yau ban ba shi amsa ba. Ina jira in ji taku tukuna.

Allah ya raya maka zuri'arka cikin lafiya, ya sa albarka a kasuwancinku, ya hana ka ganin irin wannan rana.

Wassalam.

Maman Nusaiba,
Suleja, Jihar Neja