Kyautar da Aka Yi wa Takwara

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da 'yan biyu. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Takwara, ya kai haske kabarinta.

Na rubuto ne domin wata huɗun nan, duk sanda na kira ki, da mun gama gaisawa sai mu yi shiru. A cikin ambulan ɗin nan akwai filas, irin wanda ake sa wa kwamfuta. Ki bari in yi miki bayaninsa kafin ki ajiye shi.

Kin san shirin talabijin ɗin nan na ma'aikatan tashar jirgin ƙasa, wanda kike cewa ya cinye mana hankali ni da 'yarki Takwara. Mu masu son sa muna da zaure a intanet, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Sau ɗaya a shekara muna musayar kyauta. Kowa ya rubuta abin da yake so, a yi ƙuri'a, wanda sunanka ya faɗo masa ya yanko wurare daga shirin ya jera su a kan waƙa, su zama ɗan bidiyo na minti uku ko huɗu. Ba a sanin wanda ya yi sai bayan mako biyu. Aikin da Takwara take yi ke nan ranakun Asabar a ɗakin bayan kantin maganinmu, zaune a kan kwali, kwamfuta a cinya. Ni na shigar da ita, Yaya. Ba ita ta ja ni ba, kamar yadda muka bar ki kina zato.

Shekaranjiya aka buɗe na bana. Sun haura sittin, na kalle su duka, na zaɓo miki uku.

Na farko na shugaban tashar ne, wanda iskar jirgi ke yawan ɗauke wa hula. Wani ya tattaro duk faɗuwar hular ya ɗora a kan kiɗan fareti, kowace faɗuwa daidai da bugun ganga. Na yi dariya har mai kantin ya leƙo. Rabona da dariya tun asibiti.

Na biyu na tsohon nan ne mai ɗaga wa jirgi tuta. Ba a nuna fuskarsa ko sau ɗaya ba, hannuwansa kawai: yana naɗe tuta, yana goge fitila, yana ɓare lemo ya miƙa wa abokin aiki rabi. Za ki tuna da Baba.

Na uku kuwa na Takwara ne. Ta sa sunanta a musayar wata ɗaya kafin ciwon ƙarshe, ni kuma da abin ya faru ban tuna na sanar da zauren ba. Wani bawan Allah ya yi ta aiki bai san ba ta nan ba. A shirin akwai yarinya mai sayar da tikiti, uwarta mace ce mai faɗa wadda masu kallo ba sa so. Ga abin da Takwara ta roƙa, na kwafo miki yadda ta rubuta:

"Ina son bidiyon uwar mai tikiti. Kowa faɗanta yake gani. A nemo min wuraren da take kallon 'yarta bayan 'yar ta juya baya. Na san irin kallon, ina hango shi a madubin falonmu in zan fita."

Ba sai yau ba, Yaya. Duk ranar da zuciyarki ta iya. Ki gaishe min da kowa.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Lahadi

Yayata,

Ina gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yaya jarrabawar 'yan biyu? Allah ya ba su sa'a.

Baban yara ya dawo min da filas ɗin, ya kuma isar da saƙonki: cewa abin da ya hana 'yarki hutawa ba zai sake shiga gidanki ba. Bawan Allah, yana faɗa yana kallon silin. Ban ji haushi ba. Na yi gaggawa, ki yafe min.

Amma akwai maganar da kika yi min a barandar asibiti wadda na kasa haɗiyewa. Kin ce da faɗa kuka rabu, domin da safiyar ranar kin ƙwace kwamfutar kin kulle a durowa, kin ce ta sha ruwa ta kwanta. Yaya, shekara goma sha tara kina bin yarinyar nan da kofin ruwa da rigar sanyi. Sikila ce ta ɗauke ta da ikon Allah, ba zaman kwamfuta ba, ba kuma faɗanki ba. Likita ya faɗa a gabanmu, ni kuma da nake miƙa wa masu irin ciwon magani kullum na san gaskiya ya faɗa. Tana zuwa wurina tana mitar faɗan, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai tana gama mitar take ɗaga gorar da kika cika mata ta shanye.

Jiya aka bayyana sunayen waɗanda suka yi kyaututtukan. Wadda ta yi na Takwara mace ce, a gidan burodi take aiki. Mako bakwai ta yi tana sake kallon shirin a waya, kashi ɗari biyu da arba'in, tana farautar kallon uwar nan. Ta samo talatin da uku, wasu ba su kai ƙiftawar ido biyu ba. Ta jera su a kan wata waƙa mai sanyi, ba ta sa muryar uwar ko sau ɗaya ba. Kowa a zauren ya yi godiyar kyautarsa sai Takwara, har matar ta rubuto tana tambaya ko aikin ne bai yi kyau ba.

Na gaya mata gaskiya. Sai da ta kwana ɗaya kafin ta amsa. Ta yi ta'aziyya, ta ce in tambayi mahaifiyar ko tana so a cire bidiyon, ita a shirye take. Ban ba ta amsa ba, domin ba ni ce uwar ba.

Filas ɗin yana aljihun teburina a kanti. Ba zan sake tayar da maganar ba.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Auta

Ranar Juma'a

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin isa gida lafiya jiya, hawan benen kantinmu bai tayar da ƙafar ba.

Kin manta maganin hawan jinin da kika ce shi ya kawo ki, ga shi na haɗa da wasiƙar nan. Da kika zauna a kan kwalin kika ce in kunna bidiyon, ba wani mai saye da ya kira ni. Fita na yi don in bar ki ke kaɗai. Ina jin waƙar ta ƙare ta sake farawa, sau uku. Na tsaya ina jera kwalaben da na riga na jera.

Na isar da saƙonki ga mai burodin kamar yadda kika faɗa: a bar shi, kuma uwar yarinyar ta karɓi kyautar, ta gode, Allah ya raya mata nata. Ta amso cewa ba ta da 'ya'ya, amma da ta gama karantawa ta kira mahaifiyarta, wadda suka yi wata biyar ba su gaisa ba.

A bakin ƙofa kin tambaye ni me ya sa uwar mai tikitin take da faɗa haka. Labarin yana da tsawo, kuma Takwara ta fi ni iya ba da shi. Don haka na sa miki kashi ashirin na farko a filas ɗin, 'yan biyu za su haɗa miki a talabijin. Farkon yana da jan rai, kar ki ce ban gaya miki ba. Uwar ba ta fitowa sai kashi na tara. Ki daure har can, in kin kai ki kira ni, zan zo mu ci gaba tare.

Ki gaida Baban yara. Allah ya ƙara mana haƙuri.

Taki,
Auta