Bayan Motar Baba

Talata, 14 ga Maris, 1978

Na kai tsohuwar Fijon marigayi Baba garejin Oga Dung a Gada Biyu, saboda tifar da ta daki bayanta jiya. But ɗin ya lotsa, fitila ɗaya ta fashe. Da ya kankare fenti sai ya ce, "Malam, ai an taɓa yi wa wurin nan walda."

Baba kuwa har ya rasu yana cewa motarsa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Na gaya wa Inna ina ɗari-ɗari. Ta yi dariyar da ban ji ba tun rasuwarsa. Ta ce, "Ni na buga ta a jikin bishiya a Rayfield, yana koya mini ribas. Shi ya ce mu yi shiru."